Sirdin Gaba

"Rami," in ji shi.

Ta ɗan ɗaga jikinta daga kan sirdi. Tayar baya ta faɗa ramin ta fito, kofuna da cokula suka yi ƙara a cikin jaka.

"Wannan ai ba rami ba ne, Direba, rijiya ce. Ka riƙa faɗa mini girmansa mana."

"To, ranki ya daɗe. Daga yau akwai ɗan rami, akwai uban rami, akwai kakan rami. Me ke dama?"

"Gonar masara, ta fara fitar da gemu. Ga wani tsoho can yana korar tsuntsaye da hularsa, su kuwa ko a jikinsu."

"Hagu fa?"

"Hagu babu komai sai sama."

"Wace irin sama? Kwandasta, ban son aikin ha'inci."

Ta yi dariya har goshinta ya taɓa bayansa. "Shuɗiya mai haske, irin yadin nan da Umma ke cewa ba ya jure wanki. Can ƙasa-ƙasa an ɗinka mata farin leshi a baki."

"Madalla. Yanzu na gani."

Haka suka raba duniya tsakaninsu tun safiyar da suka kulle ƙofar gida suka hau dogon kekensu mai sirdi biyu. Shi ne a gaba. Kan keken da birki da abin canza giya duk suna hannunsa, idonsa kuwa ba ya barin kwalta, don ƙiftawa ɗaya a kan keken da ke ɗauke da mutum biyu da tanti da risho da jarkar ruwa ta isa ta kai su asibiti. Ita tana baya, ba ta ganin komai a gabanta sai faɗin bayansa da taswirar da gumi ke zanawa a rigarsa. Saboda haka shi yake faɗa mata abin da ke tafe, ita take faɗa masa abin da ke wucewa.

Malamin labarin ƙasa ne. Ya yi shekaru yana zana babban kogin ƙasar da alli a kan allo, daga inda ya tsiro har inda ya zube a teku, bai taɓa ganin ƙarshen nan da idonsa ba. Ita kuwa a shagon yadin mahaifiyarta ta girma, shi ya sa duk dutsen da suka wuce sai ya fito daga bakinta da launi da ƙyalli, kamar za a yanka masa riga. Dogon hutun makaranta kaɗai suke da shi, kuma sun yi wa juna alkawarin tsoma tayar gaba a ruwan teku kafin ya ƙare.

Ranakun sun yi kama da juna, kuma abin da ya sa take son su ke nan. Su tashi da asuba su yi salla a kan ciyawa mai raɓa. Ta kunna risho ta ɗora shayi, shi ya bi tayoyi yana matsawa da babban yatsa, ya goge sarƙa da tsohon buroshin haƙori, ya ɗiga mata mai yana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Tantin ba ya bushewa kafin su tashi, sai su naɗe shi da danshinsa, in rana ta take sun tsaya cin burodi da ayaba su baza shi a kan shingen wani. Safa da singiletin da ta wanke jiya takan maƙala su a bayan jaka, su biyo su suna kaɗawa kamar tutar wata ƙasa matalauciya. Kowane ƙauye kuwa ba ya rasa mai ɗaga murya:

"Malam! Ta bayan ba ta takawa! Hutawarta take yi!"

Da farko abin yana ƙona mata rai. Daga baya ta koyi ɗaga musu hannu a hankali kamar matar gwamna, shi kuma ya amsa ba tare da ya waiwaya ba: "Ku ƙyale ta, kujerar manya ta kama!"

Hawa ma yana da tsarinsa. Ya sa keken tsakanin ƙafafunsa, ya kafe su a ƙasa, ya matse birki. Ta hau, ta ɗora ƙafafunta biyu a kan feda, ta juyo masa tasa zuwa sama, ta ce, "Na hau." Daga nan har su sauka ƙafarta ba ta sake taɓa ƙasa. In sun tsaya a mararraba ko a bayan garken shanu, shi yake sauke ƙafar hagu ya tokare, nauyin duka ya koma kanta, keken da kayan da matar. Takan zauna can sama tana kallon ƙeyarsa, tana tunanin a duk littattafan soyayyar da ta cinye a ɓoye a bayan tarin yadin Umma, babu marubucin da ya taɓa gaya mata cewa so yana iya zama ƙafa ɗaya da ke riƙe da mutum a bakin hanya.

Ƙafar nan ce ta fara ba ta tsoro.

Sarƙa ɗaya ce ta haɗa fedarsa da tata, kuma sarƙa ba ta iya rufa asiri. Ta cikinta take sanin lokacin da yunwa ta kama shi, da lokacin da yake waƙa a zuci, da lokacin da wani direba ya ba shi haushi. To tun da suka shiga yankin tuddai ta fara jin wani baƙon abu a tafin ƙafarta: dama ta taka da ƙarfi, hagu ta zo da ɗan jinkiri, kamar mai tafiya da ƙaya a dunduniya. Ta lura yana daɗewa kafin ya miƙe daga sujada. Ta lura in ya tokara ƙafar a ƙasa jijiyar wuyansa tana tashi. Sau ɗaya tak ya yi zancen, yana ɗaure igiyar takalmi: "Gwiwar nan tana ɗan gaishe ni." Bai ƙara ba.

Ita ma ba ta tanka ba. Ta san muddin aka kira ciwon da sunansa sai an tsaya, in an tsaya hutu ya zurare, in hutu ya zurare sai mota, sai gida, sai allo da alli. Sai ta yi abin da ta ga ya fi sauƙi. Duk lokacin da fedar hagu ta zo sama, sai ta danna tata da ƙarfin mutum biyu. Dama tasa, hagu tata. Cinyarta ta riƙa zugi kamar an zuba mata barkono, da yamma in ta sauka ƙafar tana rawa, sai ta ɗora laifin a kan sirdi.

Wata rana suka hau wani dogon tudu, irin wanda kana tafiya ƙarshensa yana matsawa gaba. Da suka kai sama ya tsaya yana haki, fuskarsa fal murna.

"Kin gani ko? Na ce miki gaisuwa ce kawai. Dubi yadda muka cinye tudun nan, ko ƙorafin kirki ba ta yi ba. Ashe tsufa bai iso ba tukuna."

"Tsufa yana can baya yana tura nasa keken," ta ce, ta miƙa masa gora ba tare da ta kalle shi ba.

"Daga gobe mu ƙara nisa. In muka riƙe haka, har kwana za mu samu mu yi a bakin teku, ki gaji da ba ni labarin launinsa."

Ta karɓi gorar ta kurɓi ruwa. Ta so ta ce masa a'a. Amma ga ƙasa nan shimfiɗe a gabansu, kore a kan kore, kogin yana ƙyalli can nesa kamar zaren azurfa da ya zame daga allura, shi kuma ya miƙa yatsa yana kiran rassansa ɗaya bayan ɗaya kamar mai gabatar mata da danginsa. Wa zai iya katse mutum a irin wannan lokaci? Ta haɗiye maganar tare da ruwan.

Suka ƙara nisa.

Abin ya faru ne da hantsi, a bakin wani ƙaramin gari, inda titin jirgin ƙasa ya ratsa hanya. An sauke sandar tare hanya, ƙararrawa tana bugawa. Ya ce, "Birki." Ya ce, "Tsayawa." Ya sauke ƙafar hagu kamar kullum, sai ta lanƙwashe kamar ba tasa ba. Ba su faɗi da ƙarfi ba. A hankali suka tafi, kamar bishiyar da aka gama sara tana shawarar inda za ta kwanta, suka zube cikin ciyawar gefen hanya. Jarka ta gangara, tayar baya ta ci gaba da juyawa ita kaɗai. Jirgin ya zo ya wuce, tagoginsa cike da fuskoki.

"Kwandasta, kina da rai?"

"Da sauƙi. Kai fa?"

"Ni dai ina kallon sama. Yau na gan ta da idona. Kin yi gaskiya, ba za ta jure wanki ba."

Ya yi dariya, amma da ya yunƙura zai tashi dariyar ta yanke.

A ƙaramin asibitin garin, wata nas mai tabarau a kan karan hanci ta danna gwiwar nan da can, tana kallon fuskarsa maimakon ƙafar.

"Tun yaushe?"

"Shekaranjiya," in ji shi.

"Ya fi mako," in ji matarsa.

Ya juyo ya dube ta. Nas ta dube su dukansu ta saman tabarau, ta ci gaba da naɗa bandeji.

"Babu abin da ya karye, babu abin da ya tsinke. An dai matsa mata ne tana kuka ba a saurara ba. Ka huta 'yan kwanaki. Bayan nan juya feda a hankali ba laifi, zai ma sake ta. Amma ka ɗora mata nauyi, ka tokare kaya da ita, ko ka danna ta da ƙarfi wajen tashi, wannan ka manta da shi sai an kwana biyu."

"In na tokare da dama fa?"

"Sai ka tashi keken da wace ƙafar, malam? Uku gare ka?"

Suka kama ɗaki a wani masauki kusa da tasha, na wata dattijuwa mai jiki wadda kowa ke kira Inna. Gadon yana kuka in an yi numfashi mai ƙarfi, fankar ta kafe kanta gefe guda tana hura bango, taga kuwa ta buɗe kan tsakar gida inda zannuwan gado ke shanye a kan igiya. Keken ya ƙi shiga ɗaki saboda tsawonsa, aka jingine shi a gindin bishiyar lemo.

Da la'asar ta jiƙa tawul da ruwan sanyi ta ɗora masa. Ya kafa ido a silin.

"Ya fi mako, kika ce."

"Mm."

"Wa ya gaya miki?"

"Sarƙa."

Tana ganin yadda yake bin hanyar da baya a zuciyarsa, tudu bayan tudu.

"Dogon tudun nan," ya ce, "wanda na tsaya a samansa ina yabon kaina."

Ta sunkuyar da kai tana gyara tawul ɗin da ba ya bukatar gyara.

"Ke ce."

"Ɓangaren hagu kawai."

"Ni kuwa na ce mu ƙara nisa." Ya rufe ido da hannu, kafaɗunsa suka fara rawa. Ta ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, irin wadda ba ta da nisa da kukan. "Ina ɓoye miki don kada ki damu, kina ɓoye mini don kada in sani, baiwar Allah gwiwa tana tsakiya tana shan wuya. An haɗa maƙaryata biyu a keke ɗaya."

"Da na yi magana tun farko da mun ɗan tsaya, da ta warke." Ta matse bakin tawul ɗin. "Ni na ja mana."

"Zo nan." Ya kama hannunta ya juya shi, yana shafa taurin da riƙon keke ya yi wa tafin. "Kin goya ni kin hau da ni tuddai ban sani ba. Wane miji aka taɓa yi wa haka? Teku ba gudu zai yi ba. Yana nan baɗi."

Baɗi. Ta san baɗi sarai. Baɗi ne gyaran rufin ɗaki, baɗi ne karatun ƙanensa, baɗi ne, in Allah ya nufa, abin nan da Umma ke tambaya da murya ƙasa-ƙasa a ƙarshen kowace waya. Sau ɗaya rayuwa ta buɗe musu ƙofa haka, kuma tana jin ƙarar rufewarta.

Kashegari ya ari sandar Inna ya ɗingisa zuwa tasha, ya dawo da labari. Ya sami wani direban babbar mota da ya sauke albasa, gobe da hantsi zai koma ta wajen garinsu babu kaya, ya yarda ya ɗauke su har da keken. Ya faɗa mata da fara'a, har yana cewa za su isa gida suna ƙamshin miya. Da ta kira Umma kuwa, cewa ta yi, "Alhamdulillahi. Ku dawo haka nan, dama ni ban san ajiyar da kuka yi a teku ba."

Abin da bai faɗa ba shi ya fi tsaya mata a rai. Akwai sauran hanya ɗaya, kuma dukansu sun san ta. Na baya ba ya tokare komai, ba ya tashin keke, yana iya juya feda a hankali kamar yadda nas ta ce. Tsayinsu kusan ɗaya ne, har yayyenta maza suna tsokanarsa da cewa ya auri sandar tuta. Sirdin gaba zai yi mata daidai. Amma bai tambaya ba, ko da wasa, shi da ke mayar da komai wasa, don ya san halin wadda yake aure.

Ba ta koyi keke tana yarinya ba. Keke ɗaya ne a gidansu, na yayyenta, ita kullum a kariyar baya take zama, riƙe da rigar wani. Sai bayan aure ya koya mata a filin makarantarsu, yana gudu a bayanta riƙe da sirdi. Ta iya tafiya sosai in hanya miƙaƙƙiya ce kuma babu kowa. Ranar da suka fara fita titi wata babbar mota ta danna mata oda daga baya, ta saki komai ta rufe ido, aka tsamo ta daga kwata. Ba ta ji ciwon kirki ba, amma tun daga ranar in ta kama kan keke sai tafin hannunta ya jiƙe. Saboda ita ya nemo mai sirdi biyu. "Ke dai ki kawo ƙafafu," ya ce mata a lokacin, "tsoron ki bar mini."

Safiyar tafiyar, bayan ya sha magani ya ɗora ƙafar a kan matashi barci ya ɗauke shi, ta zaro sifana daga jaka ta fita tsakar gida. Inna tana shanya, bakinta cike da abin maƙale kaya.

"'Yata, me kike kwancewa? Ba yau za a loda shi ba?"

"Sai da hantsi, Inna. Wani abu nake so in gwada."

Ta ɗan sauke sirdin gaba, ta ɗaure, ta sa keken tsakanin ƙafafunta. Abin da ya fara dukanta shi ne fili. Babu baya, babu riga, babu taswirar gumi. Gabanta fayau, duniya duka ta zubo mata a fuska babu mai tare mata. Ta taka. Keken ya tafi yana layi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, kuma da ta zo juyawa ta manta tsawonsa, tayar baya ta kwashe bahon wanki. Ta sake, ta sake. Da ta fara zagaya bishiyar lemo ba tare da ta sauke ƙafa ba, sai ta gane ba ta yi komai ba tukuna, sirdin baya babu kowa.

"Inna, don Allah, za ki hau?"

Inna ta tofar da abin da ke bakinta. "Wa? Ni? 'Yar nan, kin kalli jikin nan kuwa? Maigidana, Allah ya jiƙansa, ko a babur sai ya yi addu'a yake ɗauka ta."

"Shi ya sa, Inna. In na iya da ke, shi ba komai ba ne."

"Au, har da zagi? A gidana?" Amma tana faɗa tana ƙara ɗaure zani. "Riƙe da kyau. In kika kashe ni, baƙi ba su karya ba tukuna."

Ta kafe ƙafafu, ta matse birki har yatsunta suka yi fari. Inna ta hau da nishi da salati, keken ya nutse. Suka tashi. Ba su yi nisa ba Inna ta leƙo ta gefen kafaɗarta don ta ga inda za su, keken ya bi ta, suka shige cikin jiƙaƙƙen zanen gado suka fito da shi a ka.

"Inna, kada ki leƙo! Ki zauna kamar buhu, ki bar mini gaban."

"Yau ni ce buhu. To ban ga komai ba fa sai bayanki!"

"Haka ake yi."

Ta ji kalmomin a bakinta, ta tuna daga bakin mijinta ta fara jin su. Suka sake tashi, suka zagaya, suka nufi ƙofa. Tayar baya ta daki dokin ƙofar, Inna ta yi tsalle a kan sirdi.

"Ke! Ki riƙa faɗa mana! Ƙashin bayana ba na haya ba ne!"

"Yi haƙuri. Rami. Ɗan rami. Za mu yi dama."

Suka fita titi. Masu shaguna suna buɗewa, mai shayi ya tsaya da buta a sama, wani tela ya leƙo da zare a baki. "Inna! Ina zuwa haka?" "Yawon duniya!" in ji Inna. "Ku kula mini da gida!" Ita kuwa ba ta ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Kwalta kawai take gani, da tsakuwa, da ɓawon ayaba, da wata akuya da ke tunanin tsallakawa. Ashe haka ya ratsa rabin ƙasar da yake ƙauna, da idonsa a kan ɓawon ayaba.

Sai ta ji shi, gurnani daga baya, yana ƙaruwa. Oda ta tsaga iska. Tafin hannunta ya jiƙe nan take, wani abu a cikinta ya ce saki, rufe ido, a gama.

"Kada ki kula shi," in ji Inna a kunnenta. "Hanyar ba ta ubansa ba ce. Taka, 'yata, ina takawa."

Kuma da gaske tana takawa, ta ji ta a sarƙa, nauyi-nauyi, babu tsari, amma tana nan. Ta kafa ido a kan farin layin gefen hanya ta riƙe shi kamar igiya. Motar ta wuce da zafinta da hayaƙinta, iskarta ta tura su ta sake jawo su. Da hayaƙin ya washe suna nan a tsaye a kan taya biyu, suna tafiya.

A titin jirgi an sauke sanda. Babu zaɓi.

"Birki," ta ce, muryarta ba tata ba. "Tsayawa."

Ta sauke ƙafar hagu. Nauyin ya zo mata gaba ɗaya, keke da Inna da duk abin da Inna ta ci a rayuwarta. Cinyar ta yi rawa, cinyar nan da ta yi kwanaki tana aikin mutum biyu a kan tuddai. Ta yi rawa, ta tsaya. Jirgin ya wuce, ta tsaya riƙe da su, hawaye yana gangaro mata ba ta da hannun sharewa.

Da suka dawo, babbar motar albasa tana ƙofar masauki, direban yana warware igiya. Mijinta yana tsaye dogare da sanda, jakunkuna a ɗaure a gabansa, yana duban gindin lemon da babu komai. Sai ya juyo ya gan su. Ta tsaya daidai gabansa, ta tokare. Inna ta sauko tana dafe ƙugu.

"Ɗana, matarka ta yi niyyar kashe ni sau biyu, a na uku ta fasa. Bari in je in ga ko shayina ya ƙone."

Bai yi dariya ba. Yana kallon hannayen da ke kan birki.

"Har ina kuka je?"

"Har titin jirgi."

"Manyan motoci fa?"

"Ɗaya ta wuce mu."

"Kika yi yaya?"

"Na ji tsoro."

"Har yanzu bai sake ki ba."

"Na sani."

Ya matso da ɗingishi, ya sassauta murya don kada direban ya ji. "Saurara. Gaba akwai gangaren da ya fi duk wanda muka sauka, kuma kusa da teku motocin ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba. Ba sai kin yi wannan don ni ba. Wallahi ban riƙe ki da komai ba, ko a zuci."

Ta san gaskiya ya faɗa, kuma ta san tsoron ba zai sauka a nan ba, da shi za a tafi, a kan sirdi ɗaya da ita. Ta duba cikin ranta ko don shi ne. Don shi ne, amma ba shi kaɗai ba. Tana son warin tanti mai danshi. Tana son shayin da ke ɗanɗanon kananzir, da gajiyar yamma, da garin da ba su san sunansa ba sai sun iso. Ba ta gama da su ba.

"Malam," in ji direban, yana kaɗa igiya, "a loda ne ko kuwa? Rana tana yi."

Mijin ya buɗe baki, ta riga shi.

"Ka yi haƙuri, Baba, mun tsayar da kai. Naɗe igiyarka, keken nan ba zai hau mota ba. Maigidana zai ƙara hutawa kwana biyu, daga nan mu kama hanyar teku, kuma ni ce a gaba."